Allurar Zafi Ba Ta Faɗa Maka Gaskiya Da Wuri

Assalamu alaikum, direbobi da masu motocin akori-kura. Ku dubi allurar nan ta zafin inji a dashbod ɗin Hilux. Tana tsaye a tsakiya. Ko ruwan inji yana kan digiri 80, ko ya doshi 100, a mafi yawan motocin zamani nan za ku gan ta, don kamfani da gangan ya daidaita ta kada ta riƙa rawa tana tayar wa direba hankali. Kafin ta cira sama ta nufi jan layi, inji ya daɗe yana shan wuya.

Lambar gaskiya tana cikin kwamfutar motar. Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Ka soka mata 'yar na'urar ELM327, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner, sai ga zafin ruwa a rubuce. Hilux mai injin 1GD ko 2GD tana ba da wannan bayani cikin sauƙi. Tsofaffi irin masu injin 3L ba su da kwamfuta, su sai an sa musu agogon zafi na daban.

To, wace lamba ce lafiya? Tsakanin 80 da 95 inji yana cikin jin daɗinsa. Da lodi a baya, kana hawan Kibo a hanyar Jos da rana tsaka, in ya taɓa 100 ya sauko bayan ka gama hawa, babu laifi. In ya wuce 105 yana ci gaba da hawa, sassauta totur, kashe AC, ka nemi gefen titi. Murfin lagireto kuwa kada hannunka ya kai gare shi. Matsin da yake riƙewa ne ya hana ruwan tafasa har wajen digiri 120, da ka buɗe sai ya yi tsiri ya watso maka a fuska.

Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne ka san lambar motarka. A ce kullum a hanyar Kano zuwa Katsina tana zama kan 86, sai ga shi a watan nan ta koma 93, hanya ɗaya, lodi ɗaya. Allura ba za ta motsa ba, amma wani abu ya canja. Sau da yawa ƙurar hunturu ce da ƙaiƙayi suka toshe haƙoran lagireto, musamman tsakaninsa da kwandensar AC inda ido ba ya kaiwa. Ko fanka ta daina kamawa, ko bel ya saki.

Akwai wani tarko kuma. In tiyo ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya, na'urar auna zafin ba ta cikin ruwa, don haka tana iya nuna lamba ƙasa alhali kan inji yana gasuwa. Lambar da ta faɗo kwatsam kana cikin gudu, ka tsaya ka duba.

Sai maganar da na san wasu makanikai ba za su so ba: cire tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗauki zafi. Ana cewa wai ƙasarmu da zafi, ba ma buƙatarsa. Ni ban yarda ba. Injin gas da ke yawo kan digiri 60 bai ƙona mai da kyau, yana tara baƙin hayaƙi, yana kuma cinye kansa a hankali. In mota tana zafi, a nemo dalilin. Haka ma ruwan rijiya a lagireto, gishirinsa da tsatsa su ne ke cushe hanyoyin ruwa.

Mai giyar otomatik ya sa ido kan zafin man giya, in manhajarsa tana nunawa. Ya haura 120, man ya fara lalacewa, kuma yashi mai zurfi da jan tirela ne suka fi kai shi can. Batir kuma, inji na aiki, ya kamata ka ga bolt 13.5 zuwa 14.5.

Na ƙarshe, zafin hayaƙi, wanda ake kira EGT. Shi ne ya fi saurin faɗar gaskiya, don yana hawa cikin daƙiƙoƙi, tun ruwa bai ji komai ba. Motoci da yawa sai an huda bututun hayaƙi kafin turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji iska, an sa masa nasa ma'aunin. Ka gan shi ya zauna sama da 700, rage giya, ka bar inji ya juya da sauƙi maimakon ka danne totur a babbar giya. Bayan doguwar tafiya kuma, ka bar motar ta yi silo na minti biyu kafin ka kashe, don baƙin mai ya sanyaya turbo.