Me ya sa Kabul ta faɗi tun Amurka ba ta gama tattara kayanta ba?

Ranar 15 ga Fabrairun 1989, Janar Boris Gromov, kwamandan sojojin Tarayyar Sobiyet a Afghanistan, ya tako da ƙafa ya haye gadar kogin Amu Darya, ya bar Afghanistan. Da haka Tarayyar Sobiyet ta rufe yaƙin shekara tara. Kowa ya ɗauka gwamnatin Shugaba Najibullah da suka bari a Kabul ba za ta kai labari ba. Sai ga shi ta yi shekara uku a tsaye. Mujahidai masu yaƙar gwamnatin ma da suka far wa birnin Jalalabad a watan Maris na shekarar, da ƙyar suka sha.

To, ku riƙe wannan, mu tsallako zuwa 2021.

Amurka ta shiga ƙasar a Oktoban 2001. Bayan kusan shekara ashirin, gwamnatin da ta raina ko bankwana ba ta jira ba: ranar 15 ga Agusta Taliban suka shiga Kabul, Shugaba Ashraf Ghani ya tsere, alhali sojojin Amurka na nan a filin jirgin sama.

Ina bambancin yake?

Rasha ta kwashe sojojinta, amma ba ta yanke igiyar ba. Mai, abinci, makamai da kuɗi sun ci gaba da kwarara daga Mosko. Sai da Tarayyar Sobiyet kanta ta wargaje a Disamban 1991 tallafin ya tsaya, kuma wata huɗu kacal bayan nan Najibullah ya faɗi.

Ita kuwa Amurka, rundunar da ta gina irin tata ce, mai dogaro da jiragen sama. Soja yana can kan tsauni a wani lungu, harsashinsa da abincinsa ta sama ake kai masa, in ya ji rauni ma ta sama za a ɗauko shi. Su kuma jiragen nan masu saukar ungulu, kanikawan kwangila 'yan ƙasashen waje ne ke gyara su. Da aka fara janyewa, kanikawan suka bi sahu. Kamar ka ba mutum mota ne ka tafi da bakanike da kayan gyara. A takarda ana cewa dakarun sun kai kusan 300,000, amma wasu sunaye ne kawai da manya ke karɓar albashinsu.

Sai kuma maganar zuciya, wadda a ganina ta fi komai nauyi. Yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairun 2020, tsakanin Amurka da Taliban aka ƙulla ta. Gwamnatin Kabul ba ta cikin masu sa hannu, amma ita aka matsa wa ta saki fursunonin Taliban 5,000. An yi mata aski ba ta nan. Da sojan ƙauye ya ga Amurkawa sun fice daga sansanin Bagram cikin dare a farkon Yuli, me zai sa ya mutu a bakin aiki? Wurare da dama ko harbi ba a yi ba, dattawan gari ne suka shiga tsakani aka miƙa makamai.

Zaranj ce babban birnin lardi na farko da ya faɗi, ranar 6 ga Agusta. Kwana tara tsakaninta da Kabul.

Sauran kun gan shi a wayoyinku: mutane na bin jirgi da gudu a kan titinsa, ga harin bam na 26 ga Agusta da ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afghanistan kusan 170. An kwashe fiye da mutum 120,000. Jirgin ƙarshe ya tashi daren 30 ga Agusta, ana saura minti ɗaya sha biyun dare ta buga.