Amsoshin Tambayoyinku: Yaran da ke Farautar Dodanni

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Cikin wasiƙun da suka taru a makon nan na ware guda uku, don duk bakinsu ɗaya: labaran nan da matasa ke karantawa a waya, na 'yan makaranta masu fita da dare farautar dodanni.

Ta farko daga wata uwa ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Ta ce 'yarta mai shekara 15 ta liƙe wa wayar yayanta, kullum tana karanta labarin wasu yara da ke yaƙar masu shan jini. Hajiya na tambaya: wane irin abu ne wannan, kuma ba zai ɓata mata tarbiyya ba?

To Hajiya, wannan mai shan jinin Turawa na ce masa bamfaya, kuma ba ɗan garinmu ba ne. Daga camfin ƙauyukan Gabashin Turai ya fito. Wajajen 1725, a ƙasar Sabiya, in mutuwa ta yawaita a ƙauye sai a tone kabarin wanda ake zargi, a soka wa gawar turke a ƙirji, wai shi ke tasowa da dare. A 1897 wani marubuci ɗan Ayalan, Bram Stoker, ya fitar da littafinsa Dracula, daga nan abin ya game duniya. Abokin tafiyarsa shi ne mutumin da ke rikiɗa kyarkeci in wata ya cika, kamar yadda mu ma a nan ake labarin mai rikiɗa kura. Daga baya marubuta, musamman a Amurka, suka ɗauko waɗannan tsofaffin dodanni suka haɗa su da 'yan sakandare. Ginin labarin kusan ɗaya ne ko'ina. Da rana yarinya na aji tana fama da lissafi, da dare tana riƙe da makami. Manya ba su yarda da abin da ta gani ba. Kowane dodo kuma yana da lagonsa, wannan tafarnuwa, wancan azurfa, aikin yaran shi ne su gano lagon kafin a cinye su.

In kin lura Hajiya, ai kin san wannan labarin tun kina kan cinyar kakarki. Wa ke kayar da Dodo a tatsuniya? Ba sarki ba ne, ba sarkin yaƙi ba ne. Auta ne, ko marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi da almuru. Yaro na son ya ji ƙarami ya yi abin da ya gagari manya, shi ya sa 'yarki ta kasa ajiye wayar.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda dodon mayafi ne kawai aka yafa, a ciki zallar soyayya ce ta manya, wani lokaci har da batsa. Hanyar ganewa ba wuya. Ran da kuke ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ki ce ta ba ki labarin daga farko. In ta zuba miki shi tiryan-tiryan tana dariya, ki kwantar da hankalinki. In ta fara in-ina tana tsallake wurare, to ki sa yayanta ya duba. Ni abin da ya fi damuna ma barci ne. Yarinyar da ta kai ƙarfe ɗaya tana karatu a ƙarƙashin bargo, asuba da Islamiyya ne za su ji a jikinsu.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makarantar allo ce a yankin Gumel. Ya ce ya ji wasu labaran namu na Hausa sun koma sa yara suna farautar aljanu, ya ya nake gani?

Allah ya gafarta Malam, fatawa taku ce, ba zan yi muku shigar sauri ba. Abin da zan iya faɗa a matsayina na mai karatu shi ne akwai bambanci. Bature mai rubuta bamfaya ya san ƙirƙira yake yi, mai karatunsa ma ya sani. Mu kuwa aljanu halitta ce da muka yi imani da ita, sura guda ce a Alƙur'ani, ta 72. Shigar aljani labarin Hausa ba sabon abu ba ne, tun littattafan da suka fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, jarumai ke shiga ƙasarsu suna fita. Inda nake ɗaga gira shi ne in marubuci ya mai da tsafi shi ne mafita, ya zauna yana lissafa surkulle kamar mai koyar da girki.

Ta uku ita ce ta fi faranta min rai. Wani ɗalibi ɗan aji biyar daga Rano ya ce yana son ya rubuta irin wannan labari, har ya cika rabin littafin rubutu mai shafi 80. Tambayarsa: dole ne sai ya sa bamfaya kafin a karanta?

Ƙanena, me za ka yi da aron dodo alhali gidanku cike yake? Kai da ka tashi a gindin duwatsun Rano. Ga dajin Falgore kudu da ku, ga madatsar Tiga da duk labaran 'yan ruwan da masunta ke bayarwa. In ka leƙa Birnin Kudu akwai duwatsu masu zanen shanu tun na mutanen da, da waɗanda in an buga suke amo kamar ƙararrawa. Ka ajiye yara uku a wurin da magariba, ɗaya da gwafa, ɗaya da tocilan mai raunin batir, ɗaya matsoraci amma ya haddace Falaƙi da Nasi, ka gani in mai karatu zai iya tashi. Muna da fatalwa, muna da doguwa, muna da Dodon da ya ari fatar kyakkyawan saurayi ya auri yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Mafaraucin dodo ma ba Bature ya fara ba, ai tarihin Daura da macijin rijiyar Kusugu ya buɗe. Ka je ka zauna da tsohon maharbin garinku, ka tambaye shi yadda ake bin sawu, da abin da ba a yi a dawa, da kirarin da ake yi in an dawo. Rabin littafinka na bakinsa.

Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka sa mayya ta zama abin farautar yaranka.

Ina ɗan shekara tara ko goma a ƙauyenmu, wani yaro maƙwabcinmu ya kwanta da zazzaɓi a tsakiyar damina. Jiki ya yi zafi rau, ya shiga sambatu, sai ya ambaci sunan wata tsohuwa mai sai da daddawa a bakin masallaci. Kafin la'asar an cika ƙofar gidanta. Aka fito da ita ba ko ɗankwali, aka ce sai ta tsallaka shi ta sakar masa kurwa. Ta tsallaka tana kuka tana rantsuwa. Mu yara muna biye muna jifa, har da ni, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Washegari kawun yaron ya ɗora shi a keke zuwa asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi masa allura, cikin kwana uku ya miƙe. Tsohuwar kuwa ba wanda ya ƙara sayen daddawarta. Kafin kaka ta tattara ta koma wurin 'yarta a wani gari, can ta rasu.

Ka ga bamfaya ba shi da gida a unguwarku, in ka kashe shi a takarda ba wanda ya ji ciwo. Mayya kuwa tana da suna da ƙofar gida, kuma masu karanta littafinka su ne yaran da duwatsu ke hannunsu. In har sai ka taɓo maita, ka juya labarin: gari duka ya taso wa tsohuwa, yaranka uku su kaɗai suka ƙi yarda, suka bi sawu har suka gano ainihin abin da ke kwantar da yaran garin. Ko dodo ne a tsohuwar rijiya, ko ruwan rijiyar ne kansa, wannan kai za ka zaɓa.

In ka gama babi na farko ka sake kwafe shi da kyau, ka ba direban motar kasuwa ya kawo mana nan tasha, zan karanta wa jama'a shafi biyu. Ka rubuta da biro, wasiƙar nan taka ta fensir sai da na fita rana na iya karanta ta. Lokaci ya ƙure mana, wasiƙar da ta zo daga Kazaure sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.