Yadda Ake Yin Ruwan da Ido Zai Yarda da Shi a Cikin Diyorama

Masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi waɗannan tafkuna guda biyu da ke kan tebur. Girmansu ɗaya, rezin iri ɗaya aka zuba musu, wato ruwan roba garau da ke daskarewa ya yi tauri, kaurinsa ma ɗaya ne, bai wuce milimita 6 ba. Amma na dama kamar ka tsoma hannu ya nutse har gwiwar hannu, na hagu kuwa kowa ya gani ya san roba ce aka zuba ta daskare. Abin da ya raba su yana ƙarƙashin rezin ɗin, kuma an gama shi tun kafin a buɗe kwalba.

Ga wanda yau ne ya fara ganinmu, diyorama shi ne ƙaramin fage da ake ginawa a kan faranti: gada da jirgin ƙasa a kanta, tankar yaƙi tana tsallake rafi, jirgin ruwa a tsakiyar teku, duka an ƙanƙanta su da ma'auni guda. Dutse da ƙasa da itace suna da sauƙin kwaikwayo. Ruwa ne ke ba mutane wuya, saboda kowa ya san shi, kuma ido ba ya yafe masa kuskure.

Mu fara da abin da ido ke gani idan ya kalli ruwa. Idan ka tsaya a kansa ka leƙa kai tsaye, hasken da samansa ke mayarwa kaɗan ne, kusan kashi 2 cikin 100. Sauran yana shiga ciki, shi ya sa kake ganin yashi da tsakuwa. Idan ka sunkuya ka kalle shi ta gefe, sai ya koma madubi, ka ga sama da itatuwa. To ruwa abu uku ne a haɗe: abin da ke ƙasansa, launin da ke cikinsa, da sheƙin da ke samansa. Rezin na ukun kawai yake bayarwa da kansa. Biyun farko aikin buroshi ne.

Shi ya sa nake roƙon ku, kafin ku taɓa fenti, ku nemi hoton ainihin ruwan da kuke son yi, ku ajiye shi a gabanku. Za ku ga rafi da kogi ba safai suke zama shuɗi ba. Yawancinsu kore ne mai duhu, ko ruwan ƙasa, ko launin toka. Shuɗin nan na teku mai zurfi ne, inda ruwa ya shanye jan haske ya bar shuɗi, sai kuma hoton sama da ke kansa. Wanda ya shafa wa ƙaramar ƙorama shuɗin fenti ya kashe ta tun ba a je ko'ina ba.

Ga yadda ake fentin ƙasan. A tsakiya, inda kake so a ga zurfi, sa launi mafi duhu, kore da aka karya da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Kana matsowa gaɓa kana haskaka shi, har ya zama launin yashi a baki. Muhimmin abu shi ne kada a ga layi tsakanin launi da launi. A haɗa su tun fentin yana ɗanye, ya riƙa narkewa daga wannan zuwa wancan. Wannan narkewar ita ce zurfin da kuka gani a tafkin dama. Kuma zurfi ba ya tafiya daidai wa daida. A inda kogi ya yi kwana, ɓangaren waje ne ke da zurfi domin nan ruwa ke cin gaɓa, ɓangaren ciki kuwa nan yashi ke taruwa. Idan fentinka ya bi wannan, ko mai kallo bai san dalili ba, zai ji a ransa cewa kogin gaskiya ne.

Daga nan sai a manna tsakuwa, da guntun reshe, da ciyawa. A nan ma'auni ke shigowa. A ma'aunin 1:35, wanda aka fi yin motocin soja da shi, tsakuwa mai santimita 1 dutse ne mai santimita 35. A 1:87, ma'aunin da ya fi yawa a ƙananan jiragen ƙasa, tsakuwar nan ta kusa mita guda. Saboda haka yashin da kake ganin ya yi laushi, a cikin diyorama tsakuwa ne manya. A tankaɗe shi, a ɗauki mafi laushi.

Yanzu abin da mutane da yawa ke tsallakewa don ɗoki: toshe ƙofofi. Rezin yana da siriri kafin ya daskare, kuma ko hudar da ba ta fi bakin allura ba, zai same ta ya bi. Filasta, katako, yashi da soson da ake gina ƙasan da shi kuwa cike suke da iska. Idan ba a rufe su ba, rezin yana shiga, iskar tana fitowa, sai ka wayi gari ka tarar da ƙwayoyin kumfa sun daskare a tsakiyar ruwanka, ba yadda za ka yi da su. A shafe ƙasan duka da man sheƙi na akirilik, ko farin gam da aka sirka da ruwa, sau biyu. A bar shi ya bushe ƙarau. Danshi abokin gabar rezin ne, yana sa shi ya yi hazo fari, kuma farin gam da bai gama bushewa ba, zai zauna da farinsa a ƙarƙashi.

Inda ruwan ya kai bakin faranti sai a yi masa shinge da ɓallin roba mai santsi, a toshe gindinsa da gam mai zafi ko silikon. Sannan a ɗora awon lebur irin na magina, a tabbata farantin ya zauna daidai ta kowane ɓangare. Rezin zai nemi lebur ɗinsa da kansa, ko ka so ko ka ƙi.

To me za a zuba? Akwai na kwalba ɗaya wanda ba a haɗa shi da komai, irin Realistic Water na kamfanin Woodland Scenics ko Still Water na kamfanin Vallejo. Waɗannan bushewa suke yi, ruwan cikinsu yana fita, don haka suna ɗan tsukewa. Ana zuba su siriri, kimanin milimita 3, a jira aƙalla awa 24 kafin a ƙara. Don kududdufi da rafi marar zurfi sun wadatar. Akwai rezin da haske mai ƙarfi na UV ke daskarar da shi cikin mintuna, mai kyau ne don ƙananan wurare. Akwai kuma rezin foliyesta, amma ni ba na ba mai farawa shawararsa: warinsa yana da ƙarfi, kuma yana narkar da farin soson da ake gina ƙasan diyorama da shi.

Idan zurfi na gaske ake so, wanda za a gani ta gefe, sai efoksi mai kwalba biyu, rezin da mai daskarar da shi. A nan zan ɗan daɗe, don nan aka fi asarar aiki. Wani ana haɗa shi ɗaya da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani da awon kofi, wani da sikeli. Abin da aka rubuta a jikin kwalbar shi za a bi, ba ƙari ba ragi. Ƙara mai daskararwa ba ya sa ya bushe da wuri, sai dai ya bar shi da danƙo har abada. A juya a hankali na 'yan mintuna, ana kankare gefen kofi da gindinsa, domin abin da ya maƙale a gefe bai haɗu ba shi ne zai bar tabo mai laushi. Idan rezin ya yi kauri saboda sanyi, a tsoma kwalaben a rufe cikin ruwan ɗumi kafin a haɗa.

Efoksi ba bushewa yake yi ba. Sinadaran biyu ne ke haɗuwa, kuma haɗuwar tana fitar da zafi. Iya yawan da aka zuba a lokaci guda, iya zafin. Zubi mai kauri fiye da kima yana iya narkar da soso, ya lanƙwasa ƙaramin jirgin roba da ka shafe makonni kana fentinsa, ya tsage, ko ya yi rawaya. Kowane iri yana da iyakar kaurin da aka yarje masa, kuma akwai waɗanda aka yi musamman don zubi mai zurfi, masu daskarewa a hankali cikin kwanaki. Ko da su ne, zubawa hawa-hawa ta fi, don tana ba ka wata dama: hawan farko ka sa masa launi sosai, na biyu ka rage, na sama ka bar shi kusan garau. Launin kuwa ɗigo ne da bakin tsinke, na irin da haske ke ratsawa. Abin da ya yi fari-fari a cikin kofi zai yi duhu idan ya taru. A tsakanin hawa da hawa ne ake ajiye kifi ko ganye, su zauna a tsakiyar ruwa maimakon su kwanta a ƙasa.

Ku lura da wani abu kuma. Haske yana karyewa idan ya shiga ruwa, har ƙasan ya zama kamar ya matso sama, ana ganin kimanin kashi uku cikin huɗu na ainihin zurfin. A rezin karyewar ta fi haka, abin da ake gani kusan kashi biyu cikin uku ne. Wannan ma wani dalili ne da ya sa kauri shi kaɗai ba zai ba ka zurfi ba.

Bayan zubi, kumfar da ta taso a fasa ta da tsinke, ko a wuce da iska mai zafi sama-sama da sauri, nesa da roba da ciyawa. Sai a kifa kwali a kai saboda ƙura. Duk wannan aikin da safar hannu ake yinsa, a wuri mai iska, domin efoksi da bai daskare ba yana iya jawo wa fata borin da ba ya rabuwa da mutum.

Ku matso ku ga bakin wannan dutsen. Rezin ya hau jikinsa ya yi ɗan tudu mai sheƙi. A idonka milimita 1 ne, amma a ma'aunin 1:87 ruwa ne ya hau bango kusan santimita 9, abin da ruwa ba ya yi. Wannan shi ne ke tona asirin diyorama da yawa. Maganinsa: a shafe abin da ya hau da fenti marar sheƙi ko ɗan yashi da gam, ko a ɓoye shi da ciyawa, ko a rufe shi da igiyoyin ruwan da za mu yi yanzu.

Ruwan da ya kwanta sumul kamar gilashi ba safai ake samunsa ba, ko a tafki. Ana ba shi motsi da jel ɗin akirilik mai sheƙi. Fari ne idan yana ɗanye, yana bushewa ya koma garau, muddin ba a labta shi da kauri ba. Don tafki, a shafa siriri a ɗan daddanna shi da buroshi mai laushi. Don kogi, a ja shi ta inda ruwan ke gudu, ya rabu a gaban dutse ya sake haɗuwa a bayansa. Dukkan igiyoyin su yarda da iska guda da gangare guda. Girmansu kuma a yi masa lissafi: a ma'aunin 1:700 na jiragen ruwa, igiya mai mita 3 ba ta kai milimita 5 ba.

Masu yin teku sau da yawa ba sa zuba rezin ma sam. Suna siffanta igiyoyin da takardar alminiyam da aka cukurkuɗa aka ware, ko takarda mai laushi da gam, su yi fenti, su bi da jel da man sheƙi. Ga jirgin da ke tafiya kuwa akwai ƙa'ida da masanin nan Lord Kelvin ya bayyana tun 1887: sawun da jirgi ke bari a ruwa mai zurfi yana buɗewa da kusurwa kusan digiri 19 da rabi a kowane gefe, wato kusan 39 gaba ɗaya. A auna shi a zana da fensir kafin a sa jel. Sawun da ya buɗe fiye da haka, duk wanda ya taɓa kallon jirgi zai ji akwai abin da bai zauna ba.

Ruwa mai zubowa daga kan dutse ba a wurinsa ake yinsa ba. A ja layukan jel ko silikon garau a kan leda mai santsi, a tsefe su da tsinke, su bushe, a ɓare, a manna daga sama zuwa ƙasa. Feshin gindinsa auduga ce 'yar kaɗan da aka ja ta yi shara-shara aka taɓa ta da jel. Ɗigo daga bakin famfo ko igiyar jirgi kuwa zaren fatsa ne da ɗan rezin a jikinsa.

Farin fenti na kumfa shi ne na ƙarshe, kuma a nan hannu ya yi rowa. A goge buroshin har ya kusa bushewa, a taɓa kan igiyoyi da bayan duwatsu kawai, inda ruwa ke karyewa da gaske. Sannan a koma gaɓa: dutse da ƙasar da ruwa ke taɓawa sun fi na sama duhu, don haka a yi musu siririn layi mai duhu, a ɗan sa masa sheƙi, a bar na sama a bushe.

Idan an cire shingen aka ga gefen ya yi dishi-dishi, a goge shi da samfefa mai ruwa, daga lamba 400 ana hawa har 2000 ko sama, da takunkumi a fuska, sannan a goga masa man sheƙi ko a shafa siririn rezin. Wurin ajiya kuma ya zama inda rana ba ta bugawa kai tsaye, domin haskenta yana mayar da efoksi rawaya da daɗewa, a kuma rufe shi da akwatin gilashi ko roba saboda ƙura.