Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Indiya a Taron Nazarin Tawayen 1857

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Mai girma Jakadan Indiya a Najeriya, iyayenmu sarakuna da wakilansu, shehunan malamai, ɗalibai da sauran manyan baƙi, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin malaman tarihi da suka shirya wannan zama, muna yi maka lale marhabin, kai da 'yan tawagarka. Sannunku da hanya. Kafin mu miƙa maka abin magana, muna neman izini mu gabatar da abin da ya tara mu: halin ƙuncin soja da na kuɗi da gwamnatin Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin kasuwancin Birtaniya da ke mulkin Indiya a wancan zamani, ta shiga lokacin da ƙasarku ta yunƙura a 1857.

Hausawa kan ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a kan haka Kamfanin ya gina mulkinsa. A farkon 1857 sojojin Turawa a duk faɗin Indiya kimanin 45,000 ne, 'yan ƙasa kuwa sun haura 230,000. Babban kaso na albashinsu daga harajin ƙasa yake fitowa, wanda manoman Indiya ke biya. Tawayen ya taɓa waɗannan ginshiƙai biyu a lokaci guda.

Kowa ya san labarin sabuwar bindigar Enfield, wadda sai soja ya yage ƙunshin albarushinta da haƙori, aka kuma ji cewa an shafe ƙunshin da kitsen shanu da na alade, abin da addinin sojan Hindu da na Musulmi ya haramta musu. Amma ran sojan Bengal, wato sojojin 'yan ƙasa na Kamfanin a arewacin Indiya, ya riga ya ɓaci kafin nan. A 1856 an haɗiye masarautar Awad, inda da yawansu suka fito, kuma a shekarar aka yi dokar da ta wajabta wa sababbin ɗauka su amince a tura su ƙetaren teku. Ranar 9 ga Mayu 1857 aka sa wa sojan doki 85 mari a Mirut a gaban 'yan uwansu saboda sun ƙi karɓar harsashin. Washegari bariki ya kama da wuta, ranar 11 kuma suka shiga Delhi suka yi mubaya'a ga Sarki Bahadur Shah.

A nan rauni ya bayyana. Yawancin rundunonin Turawa na arewacin Indiya suna can Fanjab da kan iyakar arewa maso yamma. Delhi, mai babban rumbun makamai, ba ta da rundunar Turawa ko ɗaya. Babban kwamanda Janar Anson yana Simla a kan tsaunuka, da ya sauko kuma ya tarar babu amalanke da dabbobin ɗaukar kaya a shirye, domin an daina riƙe su na dindindin don rage kashe kuɗi, sai an nemo daga 'yan kwangila. Kwalara ta kashe shi a Karnal ranar 27 ga Mayu. Wanda ya gaje shi, Janar Barnard, ya kai rundunar tudun da ke arewacin Delhi ranar 8 ga Yuni, shi ma kwalara ta ɗauke shi a farkon Yuli. Wata uku suka yi a kan tudun nan cikin zafi da damina, suna ikirarin sun yi wa birnin ƙawanya alhali su ake kai wa hari. Sai 4 ga Satumba manyan igwa suka iso daga Firozfur, giwaye na jan su. Aka fasa ganuwa, aka afka ranar 14, birnin ya faɗi ranar 20. Kuma mafi yawan waɗanda suka yi wannan yaƙi a ɓangaren Turawa Sik ne da Fatan da Gurka da Musulmin Fanjab.

Taimako daga Ingila ya yi nisa. Ba a buɗe mashigin Suwez ba sai 1869, kuma babu wayar tangaraho tsakanin Kalkata da Landan, don haka labarin Mirut bai isa can ba sai ƙarshen Yuni. Jiragen sojoji sai sun zagaya ta kudancin Afirka, tafiyar wata uku zuwa huɗu. Gwamna Janar Canning ya yi ta tattaro abin da ke kusa: rundunonin da suka dawo daga yaƙin Farisa, na Madaras da Bama da Silon, har da waɗanda aka nufa da su Sin, aka juyo da su. In sun sauka Kalkata ma, layin dogo ya tsaya a Raniganj, kimanin mil 120. Daga nan sai amalanken shanu ko jirgin ruwa a kogin Ganga zuwa Alahabad.

Batun kuɗi ba a cika ba shi haƙƙinsa a aji ba, alhali shi ya fi daɗewa yana ciwo. A gundumomin da suka tashi an fasa baitulmali, an ƙone ofisoshin haraji da kundin filaye, kuma harajin ƙasa, wanda ya kai kusan rabin abin da gwamnati ke samu, ya tsaya a Awad da manyan sassan arewa. A Fanjab John Lawrence, babban kwamishinan lardin, ya nemi rance daga attajirai da sarakuna da ruwa kashi 6 cikin ɗari. Murƙushe tawayen ya ci kusan fam miliyan 40, bashin da ke kan Indiya kuma ya tashi daga kimanin fam miliyan 60 zuwa kusan 100 cikin 'yan shekaru. Birtaniya ba ta ɗauki nauyin ba. An rubuta shi a kan Indiya, wato mutanen da aka ƙone wa ƙauyuka, aka ɗaure 'ya'yansu a bakin igwa, su aka sa suka biya. Mun san an zubar da jinin mata da yaran Turawa a Kanfur, ba ma ɓoye shi ga ɗalibanmu. Amma ramuwar da ta biyo baya ta wuce misali, kuma wannan lissafi zalunci ne.

Don cike giɓin aka ƙara kuɗin fito a 1859, aka kuma aiko James Wilson daga Landan ya riƙe harkar kuɗi. A 1860 ya kawo harajin kuɗin shiga na farko a ƙasar: kashi 2 cikin ɗari a kan mai samun rufi 200 zuwa 500 a shekara, kashi 4 ga wanda ya haura. Gwamnan Madaras, Charles Trevelyan, ya fito fili ya soki tsarin, aka kira shi gida. Kafin nan, a 1858, majalisar Birtaniya ta karɓe mulki daga Kamfanin. An ƙara yawan sojan Turawa, an rage na 'yan ƙasa, an cire igwa daga hannunsu in ban da ƙalilan, kuma sanarwar Sarauniya Victoria ta 1 ga Nuwamba ta yi wa sarakuna alkawarin ba za a ƙara haɗiye ƙasashensu ba.

Wannan alkawari na ƙarshe ne ya sa muke karantar da 1857 a nan. Lugga, wanda ya ci Kano da Sakkwato a 1903, a Madaras aka haife shi a 1858, kuma a Indiya ya yi shekarun farko na aikin soja. Shi ma ya tarar da ƙarancin jami'ai da kuɗi, har Arewa na dogaro da tallafin Landan, ya zaɓi mulki ta hannun sarakuna.

Ranka ya daɗe, muna da roƙo ɗaya. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Delhi tana riƙe da takardun da aka kwaso daga birnin bayan faɗuwarsa, da Farisanci da Urdu, ciki har da koke-koken sojoji kan albashi da abinci. Muna fatan ofishinka zai taimaka mana da kwafinsu da fassararsu, domin ɗalibanmu su ji yadda ƙuncin kuɗi ya kasance a ɗaya ɓangaren ma.

Allah ya sa ka ji daɗin zama da mu, ya mai da ku gida lafiya. Yanzu muna gayyatar mai girma Jakada ya yi mana jawabi, ya kuma buɗe wannan taro.