Me Ya Sa Tayar Bayan Motar Tsere Ta Fi Ta Gaba Faɗi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Sakkwato. Ku dubi motar tseren Formula 1, ku lura da tayoyinta. Na gaba faɗinsu milimita 305 ne, na baya kuwa 405. Haka aka yi ta amfani da su daga 2017 har zuwa 2025, kuma kamfanin Pirelli ne ke ƙera su. Tazarar santimita goma ke nan cur, kuma ba don ado aka yi ta ba.

Abin da za a fara riƙewa shi ne, tayar gaba da ta baya ba aiki ɗaya suke yi ba. Injin wannan mota yana bayan direba, giya ma tana can baya, saboda haka fiye da rabin nauyin motar a kan tayoyin baya yake. Su ne kuma ke karɓar ƙarfin inji su tura motar. Da direba ya taka totur, nauyi sai ya ƙara komawa baya. In tayar siririya ce, ba za ta iya kama kwalta ba, sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, ƙarfin ya tafi a banza. Wanda ya taɓa ganin tarakta tana huɗa a fadama ya san wannan: manyan tayoyi a baya inda ƙarfi yake, ƙanana a gaba don juya kai kawai.

Akwai kuma batun zafi, wanda mu Sakkwatawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san yadda kwalta take a watan Afrilu. Tayar da ke tura mota tana ɗaukar zafi sosai. Mai faɗi tana raba zafin a fili mai yawa, don haka robar ba ta saurin cinyewa.

To me zai hana a sa masu faɗi a gaba ma? A nan hankalin injiniyoyi yake. Tayar gaba ita ce ke fara karo da iska, kuma a motar da tayoyinta ke waje, babbar taya tana rage gudu, tana kuma hargitsa iskar da ya kamata ta bi jikin motar ta danne ta ƙasa. Abin ya dami kamfanin Tyrrell har a 1976 suka fito da mota mai taya shida, ƙanana huɗu a gaba, manya biyu a baya. Ta ma ci tseren ƙasar Suwidin a shekarar, Jody Scheckter ne ya tuƙa ta.

Amma babban dalili a kwana ake ganinsa. In gaba ya fi baya riƙon ƙasa, da ka karya kwana da gudu sai bayan motar ya wulla, ta juya da kai. In kuwa baya ne ya fi riƙo fiye da kima, za ka murɗa sitiyari motar ta ƙi bin umarni, ta zarce gaba. Direban tsere yana neman tsakiyar waɗannan biyu, kuma faɗin taya na cikin abubuwan da ake daidaita su da shi. Shi ya sa Porsche 911, wadda injinta ke can bayan tayoyin baya, ta daɗe da manyan tayoyi a baya.

A Amurka, inda ake tsere a fili mai zagaye ana karya kwana hagu kaɗai, dabarar ta sha bamban: tayar dama ake ɗan ƙara wa girman zagaye a kan ta hagu, motar ta riƙa karkata hagu da kanta.

Yanzu kai ɗan'uwa mai Golf ko Corolla da ke shirin zuwa wurin mai taya ya sa maka faffaɗa a baya, dakata. Motarka da tayoyin gaba take ja, inji ma yana gaba. Faɗin baya ba abin da zai ƙara maka sai shan mai da ƙin shan kwana, kuma ba za ka iya musanya tayoyin gaba da na baya don su cinye daidai ba. In kuma motarka mai ja da taya huɗu ce, abin lura ya fi yawa. Duba lambar gefen tayar, misali 205/55 R16: 205 faɗi ne a milimita, 55 tsayin gefen taya ne a kason faɗin, 16 kuma girman rim a inci. Faɗi zai iya bambanta a wasu motocin, amma tsayin tayar gaba da ta baya dole ya zo kusan ɗaya. In ya saɓa, gaba da baya za su riƙa juyawa da gudu daban, giyar da ke haɗa su ta yi ta wahala har ta lalace, na'urar ABS, mai hana taya ƙamewa in an taka burki, ita ma tana iya rikicewa.