Likita, Sarki da Razdan: Yadda Ake Karanta Littattafan Zuwan Turawa Zariya

Masu kallo, barkanmu da war haka. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da ɗan mishan da Baturen mulki bakinsu ɗaya, tun da jirgi ɗaya ya kawo su kuma harshe ɗaya suke yi. Littattafan da aka rubuta a kan Zariya ba su goyi bayan wannan zato gaba ɗaya ba, domin wanda ya karanta su a tsanake zai tarar da ɓangarori uku, wato fadar Sarkin Zazzau, da ofishin Razdan (babban Baturen mulki na lardi), da gidan mishan, kowanne yana da abin da yake nema, kowanne kuma ya bar rubutun da yake wanke kansa.

A 1900, shekarar da Lugga, jagoran Turawan mulki a Arewa, ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, wata ƙaramar tawagar ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta nufi Kano a ƙarƙashin Bishop Tugwell. Sarkin Kano Alu bai ba su izinin zama ba, saboda haka suka juyo suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda Zagezagi suka riƙa kira Likita Mila. A 1905 ya sami damar zama a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Kafin nan sarauta ta riga ta sauya hannu, domin Turawa sun tuɓe Sarki Kwasau, sun naɗa Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa, ɗaya daga gidajen sarautar Zazzau, a 1903.

Mila mutum ne mai yawan rubutu, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa. A littafinsa na 1936, Reflections of a Pioneer, ya ba da labarin shekarunsa na farko, sa'an nan a 1947 ya fitar da wani mai suna Have We Failed in Nigeria?, wanda sunansa kansa tambaya ce ga 'yan ƙasarsa ko sun gaza. Abin da zai ba sabon mai karatu mamaki shi ne yadda kaifin alƙalaminsa ya sauka a kan gwamnatin mulkin mallaka kanta. A ganinsa, tsarin mulki ta hannun sarakuna ya ƙara wa masu sarauta ƙarfi a kan talakawa, ya kuma jinkirta ilimin boko a Arewa. Ita kuwa gwamnati tana kafa hujja da alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903, cewa ba za a tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma da wannan alkawari aka yi ta taƙaita aikin mishan a biranen sarakuna. Ga Razdan, wanda babban burinsa shi ne haraji ya shigo kuma gari ya zauna lafiya, likitan da ke wa'azi a tsakiyar birnin Musulmi yana kuma kawo ƙarar sarki ƙarfen ƙafa ne. Daga ƙarshe, wajen 1929, aka mayar da mishan Wusasa, bayan ganuwa, kusa da Dutsen Kufena.

To, a nan dabarar karatu take shigowa. Kafin ɗalibi ya fara babi na ɗaya, ya kamata ya tsaya a shafin farko ya duba shekarar bugawa, da garin da aka buga, da wanda ya ɗauki nauyi, sa'an nan ya karanta gabatarwa domin ya gane waɗanda marubucin yake yi wa magana. Mila yana rubuta wa mutanen Ingila ne, musamman masu tallafa wa aikin bishara da masu faɗa a ji kan harkar mulkin mallaka, kuma yana yin rubutun shekaru masu yawa bayan faruwar abubuwan. Wannan bai mayar da maganarsa ƙarya ba, domin ya zauna da mutane, ya ji Hausa sosai, ya ga abubuwan da Razdan ba ya gani daga barikin Turawa. Amma shi ma yana cikin rigimar, kuma duk abin da ya faɗa game da Sarki Aliyu magana ce ta wanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna.

Shi ma Sarkin bai yi shiru ba. Aliyu Ɗan Sidi malami ne kuma mawaƙi, ya bar waƙoƙi da ajami, daga ciki akwai Waƙar Diga, wadda ta shafi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a zamaninsa. Sarkin da ke ƙarƙashin ikon Turawa ba zai fito fili ya zage su ba, don haka mai nazarin waƙoƙinsa sai ya iya gane habaici da zaurance, ya lura da abin da aka faɗa da kuma abin da aka tsallake. A 1920 Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Ɗalibin da ya raba shafin littafin rubutunsa gida uku, ya rubuta abin da likita ya ce, da abin da rahoton Razdan ya ce, da abin da waƙar sarki ta nuna a kan al'amari ɗaya, zai ga inda suka haɗu, kuma a wurin da abokan gaba suka yarda da juna ne hujja ta fi ƙarfi.

Irin wannan taka-tsantsan ake bukata wajen labarin Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da matsayin Annabi Isa. A 1913 wasu daga cikin zuriyar mabiyansa suka zo wurin Mila, aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, har zaman ya watse. Labarin yana da muhimmanci ga Kiristocin Hausawa, domin yana nuna cewa bangaskiyarsu tana da saiwa a cikin ƙasar. Sai dai yawancin abin da aka fara rubutawa a kansu ta hannun 'yan mishan ya fito, don haka masu bincike suke haɗa shi da abin da zuriyar suke bayarwa da baki.

Maganar shugabanci kuwa, ƙaramar makarantar nan ta yi abin da ya fi girmanta. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a wannan al'umma ya tashi, haka ma Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a daidai waɗannan shekaru. Cocin Saint Bartholomew da ke Wusasa ginin ƙasa ne irin na maginan Hausa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Mila ya jagoranci fassararsa, ya fito a 1932. Wani almajirinsa, John Tafida, shi ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya, hukumar da ta fitar da Abubakar Imam.

Wanda yake son ya faɗaɗa nazari zai amfana da littafin M. G. Smith na 1960, Government in Zazzau, wanda ya bi diddigin yadda gidajen sarauta suke karɓa-karɓa daga 1800 zuwa 1950. Bayansa sai aikin Mahmud Modibbo Tukur, wanda ya yi a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya ɗauki rahotannin Turawan mulki na 1897 zuwa 1914 ya sake karanta su, yana nuna cewa a cikin takardun da suka rubuta da hannunsu akwai shaidar ƙone garuruwa, da aikin tilas, da tuɓe sarakuna, waɗanda littattafan yabon mulkin nasu suka yi wa gaisuwar mai shiga rijiya.