Darasi: Ƙera Ƙaramin Taragon Gyaɗa Irin Na Kano A 1953

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau aikin namu na taragon kaya ne, irin rufaffen nan da ake loda wa buhunan gyaɗa daga Kano zuwa Ikko. Amma ku ajiye reza da gam tukuna, yau ba za mu yanka komai ba sai mun gama magana a kan abin da ke sa a ga ƙaramin tarago a ce lallai wannan na reluwen Najeriya ne, kuma na zamani kaza ne.

Kafin komai, ku ɗauki takarda ku rubuta shekara ɗaya da wuri ɗaya. Ni na rubuta Kano, 1953, lokacin kakar gyaɗa. Duk tambayar da za ta taso nan gaba, wannan takardar za ta amsa ta. Wane rubutu zan yi a jikin taragon? Wane kan jirgi zai ja shi? Wane irin buhu zan sa a ciki? Ku koma kan takardar. Wanda ya ce shi dai taragon zamanin Turawa yake ƙerawa, to ya ɗauko shekara hamsin ya cusa a tarago ɗaya, domin jirgi ya iso Kano tun 1911, mulkin kai kuwa sai 1960.

To, mu fara da faɗin dogo, don a nan aka fi yin ɓarna. Tsohon layin dogo na Najeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na Ingila da Amurka, da sabon nan na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1435 ne. Bambancin ba kaɗan ba ne. Ku dubi wannan taragon da ke hannuna na dama, sayayye ne, sikelin HO, wato an rage girman abu sau 87. Dogon da yake hawa milimita 16.5 ne. Ku ninka 16.5 sau 87, za ku ga ya ba ku kusan 1435. Ma'ana, duk fentin da kuka shafa masa, ƙafafunsa na Turai ne.

Hanya biyu ce mafita. Ko dai ku tsaya a sikelin HO ku nemi dogo mai faɗin milimita 12, domin 1067 in an raba da 87 ya haura 12 da ɗan kaɗan. Ko kuma ku riƙe dogon nan na 16.5, wanda shi ya fi sauƙin samu, sai ku ƙara girman gangar taragon zuwa sikelin S, wato ragi sau 64. In kun raba 1067 da 64 za ku samu 16.7, kun ga kusan daidai ke nan. Masu wannan sana'a a ƙasar Niyu Zilan haka suke yi, don su ma dogonsu faɗinsa ɗaya da namu. Ni ta biyun na fi so. Taragon ya fi girma, hannu ya fi samun wurin aiki, kuma ba sai kun ƙera ƙafafu da kanku ba.

Af, ga wani abu kafin in manta. In wani a cikinku yana son taragon kuza na ƙaramin layin nan da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda ake kira layin Bauci ko da yake bai taɓa isa garin Bauci ba, to shi faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762. A sikelin HO dogo mai milimita 9 ne ya dace da shi. An rufe layin a 1957, saboda haka kada ku sa shi a shekarun bayan mulkin kai.

Yanzu mu zo ga hoto. Bari in matso da shi kusa da kyamara. Hoton da ya fi amfani shi ne wanda aka ɗauki taragon ta gefe sosai, sai wanda aka ɗauka ta goshi. Na goshin shi ne ma'auninku, tunda kun riga kun san faɗin dogo. Misali, ku sa rula a kan hoton, ku auna tsakanin ƙarfen dogo biyu daidai ƙarƙashin goshin taragon, a ce kun samu milimita 20. Ku auna faɗin gangar taragon, a ce 46. Ke nan gangar ta ninka faɗin dogo sau 2.3. Ku ninka 1067 sau 2.3, ya ba ku wajen milimita 2454. Ku raba da 64, ƙaramin naku zai zama milimita 38 a faɗi. Sharaɗin dai ku auna dogon a daidai inda taragon yake tsaye, don in kun auna can gaba kusa da mai ɗaukar hoto, dogon zai yi faɗi a ido, lissafi ya ɓaci.

Daga nan sai ƙirga. Wannan shi ne wurin da mai gaggawa ke tsallakewa, ni kuwa a nan nake daɗewa. Ku ƙirga katakan da ke jikin taragon daga ƙasa zuwa sama. Ku duba a kwance suke ko a tsaye. Ku duba ƙarafan da suka tokare gangar, a waje suke ana ganinsu ko an rufe su da katako. In akwai ƙarfen da ya gitta daga kusurwa zuwa kusurwa, ta wace fuska ya karkata? Ƙofa ɗaya ce mai turawa gefe ko biyu? Ta dama take zamewa ko ta hagu? Ku duba ƙarfen da ƙofar ke gudu a kai, sama yake ko ƙasa. Sannan ku nemi kawunan ƙusoshin nan na ƙarfe masu kumburi da ake haɗa ƙarfe da ƙarfe da su kafin walda ta zama ruwan dare. Tsofaffin taragai cike suke da su, jere-jere. In kuka bar ƙarfen taragon 1930 sumul kamar an yi masa walda, mai ido zai gane nan take. Ga yadda nake fito da su: in ɗauki siririn faifan roba, in kifa shi a kan katako mai laushi, in dinga danna bayansa da allurar da aka dasashe bakinta. Ku juya shi, ga su nan sun kumburo. Kada ku danna da ƙarfi, sai ya huje.

Sai goshin tarago. Ku sake kallon sayayyen nan na Ingila. Kun ga faifan ƙarfe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ke tare karo, da ƙugiya da sarƙa a tsakiya? Wannan tsarin Ingila ne. Taragan tsohon layinmu mahaɗa ɗaya gare su a tsakiya, ita ce ke ja, ita ce ke tare karo. Saboda haka faifan nan biyu dole su fita. Ku yanke su, ku goge wurin da sanfefa. Birki kuma irin na zuƙe iska ne, wanda Ingila ta baza a ƙasashen da ta mallaka. A ido, alamarsa ita ce tiyo mai kauri mai ƙwarya-ƙwarya a goshin taragon, da wata tukunyar ƙarfe a ƙarƙashi. Na matsa iska irin na Amurka tiyonsa siriri ne. Tiyon nan kuna iya yin sa da wayar tagulla, ku naɗe ta da wata wayar da ta fi ta siranta, ku lanƙwasa, ku shafa baƙin fenti.

Ƙafafu ma a duba. Akwai taragai masu ƙafa huɗu, akwai dogaye masu takwas, huɗu gaba huɗu baya a kan ƙaramar kujera mai juyawa. Hotonku ne zai gaya muku wanne kuke ƙerawa. Abin da nake so ku lura da shi shi ne akwatin da ke bakin sandar ƙafar. Na da akwati ne mai murfi, ana buɗewa a zuba mai, shi ya sa kullum gefensa baƙi ne, yana naso. Na zamani mai boris ne, zagayayye, a tsabtace. Na 1953 ku ba shi akwatin mai.

To, rubutu. A nan takardar tamu za ta yi aiki sosai. A 1912 aka haɗe layin gwamnatin Ikko da na Baro zuwa Kano suka zama reluwe ɗaya ta Najeriya. Hukumar reluwe ta Najeriya da ake taƙaita sunanta NRC kuwa sai a 1955 aka kafa ta. Ke nan taragon 1953 ba shi da ikon ɗaukar haruffa ukun nan, shekara biyu suka rage kafin a haife su. Amma in an juya lissafin, abin yana da sassauci. Wanda ya zaɓi 1957 zai iya barin tsohon rubutu a kan wasu taragai, don ba rana ɗaya ake sake fentin taragai dubbai ba, sai wanda ya shiga gareji. Tsohon abu yana iya daɗewa ya shigo sabon zamani, sabon abu ne ba ya komawa baya. Haka nauyin da ake rubutawa a gefe: da tan da handiredwet na Ingila ake yi, ashirin ɗinsa ke yin tan ɗaya. Kilo bai shigo ba tukuna. Lambar taragon kuma ku kwafo ta daga hoto, kada ku ƙirƙira.

Wannan ƙa'idar ta shafi kan jirgin ma. Masu amfani da man dizal sun fara zuwa a 1955, don haka na 1953 mai kwal ne, mai hayaƙi, kwal ɗin kuma daga Inugu ake kawo shi. Ta shafi inda za ku ce jirgin ya fito. Nguru ta samu dogo a 1930, Ƙaurar Namoda a 1929, duk sun halatta. Maiduguri kuwa sai 1964.

Launi shi ne mai wuyar sha'ani, kuma ina so ku yi hattara da abu biyu. Na farko, tsofaffin hotunan baƙi da fari ba sa faɗin gaskiyar launi. Fim ɗin da aka yi amfani da shi a farkon ƙarnin da ya wuce ba ya ganin ja, sai ya fito da shi baƙi ƙirin. Saboda haka taragon da kuka gani baƙi a hoton 1915 yana iya zama jan ƙasa ne. Na biyu, katunan gaisuwa masu launi na wancan zamani da hannu aka shafa musu kala, sau da yawa a Turai, mai shafawar bai taɓa ganin jirgin ba. Hotunan da kwamfuta ke sa wa launi a yau su ma cinta take yi. Wanda ya fi su duka shi ne tsohon tarago na gaske. In kun samu wanda aka yasar a wata tsohuwar tasha, ku nemi izinin masu gadi, ku duba ƙarƙashin maƙalar ƙofa ko wani lungu da rana ba ta bugu, a nan tsohon fenti ke ɓuya. Ku duba ƙarfen ƙasan gangar kuma, sau da yawa akwai ɗan faranti mai sunan kamfanin da ya ƙera da shekara. Sannan ku zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe. Unguwannin reluwe na Zariya da Kafanchan da Kaduna ba su rasa dattijon da ya yi rayuwarsa a cikin taragan nan. Ku je da hoto a hannu, don in kun tambaye shi da baki kawai, zai iya ba ku launin shekarun 1970 da ya fi tunawa. Masu hali kuma akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai ɗan gidan tarihin reluwe a unguwar Ebute Metta da ke Ikko.

In kun samu launin, ku sirka shi da ɗan fari kaɗan. Ƙaramin abu in aka shafa masa launi mai ƙarfi sai ya yi kama da motar wasan yara.

Yanzu kaya. Gyaɗar da ake kaiwa Ikko ɓararriya ce, a cikin buhun algarara. Buhun leda mai sheƙi na yanzu ba shi da wuri a nan. Ina yin nawa da yumɓun roba mai daskarewa: in mulmula ɗan guntu, in danna shi a kan tsohon ƙyalle don saƙar ta fito, in matse kusurwa biyu su zama kunnuwan buhu. Ku jera su tun suna da laushi, na sama ya danne na ƙasa, domin buhu mai nauyi ba ya zama a kumbure. In za ku yi dalar gyaɗa a bayan taragon, ta dace da shekarar sosai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu reluwe ta yi ƙarancin taragai da kawunan jirgi, gyaɗa ta fi ƙarfin abin ɗauka, sai ta taru a Kano tana jiran layi, a rufe wasu dalar da tamfol. Taragon da ya dawo daga kudu kuma ba lallai ya zo wayam ba, goro da gishiri da atamfa da kananzir duk ta nan suke hawowa.

Abu na ƙarshe a yau shi ne dauɗa, kuma ita ma takardar ce ke hukunta ta. Kano a kakar gyaɗa rani ne, hunturu ya shigo. Babu taɓo. Ƙura ce fara-fara mai ɗan ja, tana kwanciya a kan rufi da bakin kowane katako da saman ƙarfen ƙofa. Ga yadda nake yi, ku duba da kyau. Na kankare allin zane mai launin ƙasa da reza ya zama gari. Na ɗauki busasshen buroshi mai laushi, na dangwala, na karkaɗe a bayan hannuna har sai ya kusa ƙarewa, sannan na ja daga sama zuwa ƙasa. Kun ga yadda ya shiga tsakanin katakan? A kan rufi kuma in ƙara baƙin gari kaɗan, tokar kwal ce da ke saukowa daga hayaƙin kan jirgi. Kusa da maƙalar ƙofa in goge ƙurar da ɗan yatsa, in bar wurin ya yi duhu, don nan ne hannun 'yan dako ke kamawa. Tsatsa kaɗan a kan ƙusoshi ta isa. Taragon 1953 yana kan aiki ne, ana duba shi, ana zuba masa mai, kada ku mai da shi kamar wanda ya shekara talatin a ciyawa.

A darasi na gaba za mu yanka gangar. Ku zo da hotonku, da lissafin faɗi da tsawo a sikelin da kuka zaɓa, da adadin katakan da kuka ƙirga. Sai mun haɗu, a huta lafiya.